Kwana, Yini da Agogo: Sharhi a kan Hujjar Kwana Shida

Tun da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, aka yanka Sabon Gari a 1913 kusa da Fagge, tsohon zangon Buzaye da fatake, mutanen littattafai biyu suke zaune kafaɗa da kafaɗa. Masallatan Fagge na karanta Alƙur'ani, majami'un Sabon Gari na karanta Littafi Mai Tsarki, littattafan nan biyu kuwa sun haɗu a kan cewa an halicci sammai da ƙasa cikin kwana shida. 'Ya'yansu kuma suna haɗuwa a aji guda, inda malami zai ce masu shekarun sararin samaniya sun kai miliyan dubu 13.8, na ƙasar da ake takawa kuwa wajen miliyan dubu 4.5. Dole yaro mai kaifin hankali ya ɗaga hannu ya tambaya.

Akwai wata amsa da ta yaɗu, wadda ake ji a bakin masu ilmin boko na sassan biyu. Ana cewa ai Einstein ya riga ya raba gardama, tun da ya nuna lokaci ba ya tafiya daidai ga kowa. Saboda haka kwana shida a wurin Allah su ne miliyoyin shekarun da masana ke lissafawa. Daga waje hujjar ta shigo. Gerald Schroeder, masanin kimiyya Bayahude, ya shimfiɗa ta a littafin da ya buga a 1990 game da surar Farawa da asalin duniya. Littafin Maurice Bucaille na 1976 kuwa, ko da yake bai dogara da Einstein ba, shi ya saba wa Musulmi da yawa da neman kimiyyar zamani a cikin ayoyi. Ya kamata a auna hujjar nan ta fuska uku: kimiyya, harshe, da tauhidi.

Da farko sai a ba ta haƙƙinta, gama tushenta gaskiya ne. A 1905 Einstein ya nuna cewa agogon da ke gudu yana jinkiri in an gwada shi da wanda ke tsaye. A 1915 ya ƙara da cewa agogon da ke kusa da abu mai nauyi, kamar ƙasa ko rana, yana jinkiri in an gwada shi da na nesa. An jarraba, an tabbatar. A 1971 Hafele da Keating suka ɗora agoguna masu tsananin daidaito a jiragen sama na fasinja, irin waɗanda ke tashi daga filin jirgin Malam Aminu Kano, suka kewaya duniya. Da suka bi gabas, agogunan suka rage kashi 59 cikin kashi miliyan dubu na sakan. Da suka bi yamma, suka ƙara kashi 273. Taurarin ɗan'adam da ke nuna wa wayar hannu hanya suna sama da nisan kilomita wajen 20,000, agogunansu kuwa kan wuce na ƙasa da kashi 38 cikin miliyan na sakan kowace rana. Da ba a gyara wannan ba, da kuskuren ya kai kilomita goma a rana guda, mai neman Kantin Kwari ya tsinci kansa a bayan gari. To, wanda ya ce lokaci ba guda ba ne ga kowa bai yi ƙarya ba.

Amma fa kimiyyar nan ma'auni gare ta, ba ta karɓar kirdado. Haske na gudun kilomita 300,000 a sakan guda, sai abu ya kai kashi 87 cikin ɗari na wannan gudu kafin agogonsa ya yi rabin tafiyar na tsaye. Kowane gudu da nasa jinkiri, ba ƙari ba ragi. Sai a ɗauki ayoyin da ake kafa hujja da su a yi lissafi. Suratul Hajji aya ta 47 da Suratus Sajda aya ta 5 sun kwatanta yini guda da shekara dubu, haka ma Zabura ta 90 da wasiƙar Bitrus ta biyu. Watau ɗaya ya tashi wajen 365,000. Suratul Ma'arij aya ta 4 ta ambaci shekara dubu hamsin; watau ɗaya ya tashi wajen miliyan 18. In kuwa kwana shida ne za su cika shekara miliyan dubu 13.8, sai ɗaya ya tashi wajen miliyan dubu 840. Lissafi uku ke nan, babu wanda ya yi kusa da ɗan'uwansa. In an bi na farko, halitta duka shekara 6,000 ce. In an bi na biyu, 300,000. Mai hujjar yakan fara da amsar da yake so, sa'an nan ya nemo gudun da zai fitar da ita. Da masana za su canja adadinsu gobe, da shi ma ya canja nasa gudun. Hujjar da za ta dace da kowane adadi kuwa ba ta tabbatar da ko ɗaya ba.

Ta fuskar harshe abin ya fi ban sha'awa. Larabci na da kalma guda, yaumu, Ibrananci ma na da guda, yom, asalinsu kuwa ɗaya ne. Hausa uku gare ta. Rana ita ce mai fitowa daga gabas, ita ce kuma lokacin haskenta. Yini daga safe zuwa faɗuwar rana ne. Kwana kuwa daga barcin dare ya samo asali, da shi Bahaushe ke ƙidaya, shi ya sa ake cewa tafiyar kwana uku. Saboda haka mai fassara zuwa Hausa tilas ne ya zaɓa a inda asalin bai zaɓa ba.

Sai a duba abin da Sheikh Abubakar Mahmud Gumi ya yi a tarjamarsa ta ma'anonin Alƙur'ani, wadda aka buga a 1979. A ayoyin halitta ya sa kwana, a ayoyin shekara dubu da dubu hamsin kuwa ya sa yini. Zaɓin ya dace da ɗabi'ar Hausa, gama da kwana ake ƙidaya, yini kuwa shi ke ɗauke da tsawo da wahala, kamar yadda ake cewa an yini ana abu. Sai dai zaɓin ya raba abin da Larabci ya haɗa: mai karanta Hausar kaɗai ba zai gane kalma guda ce a wuraren biyu ba. Masu fassarar Littafi Mai Tsarki, wanda ya fito cikakke da Hausa a 1932, aikinsu ya fi sauƙi, domin surar Farawa da kanta ta kewaye kowace rana da maraice da safiya, wannan kuwa shi ne kwanan Bahaushe sak. Amma sauƙin nan shi ke ɗaure mai karatu ga awa ashirin da huɗu.

Alhali kuwa kwana a Hausa ba ƙanƙararren ma'auni ba ne. In aka ce wa mutum kwana biyu ba a gan shi ba, mai yiwuwa shekara ce. Kwanan baya ba jiya ba ne. Wanda kwanansa ya ƙare, rayuwarsa duka ake nufi, haka ma mai tsawon kwana. Larabci ma kan ce kwanakin Larabawa yana nufin yaƙoƙinsu na da. Ashe faɗin da ake zuwa nema wurin Einstein yana nan cikin kalmar tun fil azal, ko tsohuwar da ba ta taɓa shiga aji ba tana aiki da shi kullum.

Magabata ma ba su jahilci matsalar ba. Tafsirin Jalalaini, wanda shi aka fi karantawa a Kano cikin watan azumi, ya bayyana cewa gwargwadon kwanakin duniya ake nufi, domin babu rana a lokacin. Ibn Kasir ya kawo ra'ayi biyu, har da na Mujahid, cewa kowane kwana shekara dubu ne. A ɓangaren Kirista, Agustin, wanda ya rasu a shekara ta 430, ya lura cewa sai a rana ta huɗu aka yi rana, ya ce da wuya a gane irin kwanakin farkon. Duk sun ga cewa kwana ba rana ba kwanan da aka sani ba ne, suka tsaya iyakar abin da nassi ya ba su.

Fuska ta uku ita ce mafi nauyi. Lissafin Einstein tsakanin agoguna biyu yake, kowanne da wurinsa, da gudunsa, da nauyin da ke jansa. Wanda ya ce kwanan Allah ya yi tsawo saboda wannan lissafi ya ba Mahalicci wuri da gudu ke nan, ya sa Shi ƙarƙashin dokar da Shi ya halitta. Almajirin da ya karanta tauhidi a zauren Fagge ya san wuri da zamani ba su kewaye Allah. Mai bi a Sabon Gari ma haka aka koya masa. Watau hujjar da aka kawo don ta taimaki imani, gindinsa take sara. Imam Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya yi gargaɗi cewa mai kare addini ta hanyar da ba tasa ba ya fi mai sukarsa yi masa ɓarna, ya ba da misalin masu musun lissafin husufi. Georges Lemaître kuwa, limamin Katolika wanda ya fara kawo ra'ayin faɗaɗar sararin samaniya daga mafari guda, bai ji daɗi ba da Paparoma Pius na 12 ya ɗaura ra'ayin nasa da labarin halitta a 1951. Ya san ra'ayin kimiyya kan canja.

Saura maganar suna. In za a koyar da abin nan da Hausa, miƙewar lokaci na sa yaro ya zaci lokaci roba ce mai miƙewa yadda aka ga dama. Jinkirin agogo ya fi, domin yana tilasta tambaya: agogon wa, an gwada shi da na wa? Wannan tambaya kaɗai ta isa ta tsare ɗalibi daga ruɗun da aka bayyana.

Abin da ke wuyan malaman makarantun horon malamai a nan ba ƙarami ba ne. Fagge da Sabon Gari sun ɗanɗana tashin hankali a Mayun 1953 da Oktoban 1991, malamin da ke tsaye gaban 'ya'yansu kuwa amana biyu ke hannunsa. In ya ɗaura imanin yaro ga lissafin da bai tsaya ba, ran da yaron ya iya lissafi sai ya yi shakkar abin da aka ɗaura masa. In kuwa ya koya masa kimiyyar da ma'auninta, ya nuna masa faɗin kalmar kwana a bakin iyayensa, ya kuma karanta masa abin da malamansa na da suka ce, to, ya sallame shi da ilmi uku, ba wanda ya ci haƙƙin wani.