Jan Biro da Ma'aunin Insha'in Turanci a Ƙasar Bagudo

Insha'i yana daga cikin manyan sassan jarrabawar Turanci ta Hukumar Jarrabawa ta Afirka ta Yamma, wato WAEC, wadda aka kafa a 1952. Bisa tsarin hukumar, ɗalibi yakan rubuta kalmomi kimanin 450, a auna shi da maki 50: 10 na ƙunshiya, 10 na tsara bayani, 20 na sarrafa harshe, 10 kuma na ƙa'idojin rubutu, inda ake zare rabin maki a kan kowane kuskure. Ke nan kurakurai 20 sun isa su cinye kason ƙarshe baki ɗaya. Da yake samun kiredit a Turanci sharaɗi ne na shiga jami'a, wannan ma'auni yana yanke hukunci a kan makomar yara masu yawa.

A matsayinsa na ma'aunin jarrabawa yana da hujja, domin dole masu duba dubban takardu su yi awo da mudu ɗaya. Illar tana bayyana ne idan malamin aji ya ɗauko shi ya mai da shi hanyar koyarwa. Za a ga haka sarai a Ƙaramar Hukumar Bagudo ta Jihar Kebbi, wadda ta yi iyaka da Jamhuriyar Benin ta wajen Lolo da Tsamiya. A garuruwa irin su Illo da Ka'oje da Zagga, aji ɗaya yana iya haɗa Bahaushe da Bafulatani da Badande, a wasu lokuta har da yaron da ya fara karatu da Faransanci a ƙetaren iyaka.

Alal misali, a ɗauki lamirin namiji da na mace. Hausa ta bambanta "shi" da "ita", saboda haka Bahaushe bai cika rikita "he" da "she" ba. Amma Fulatanci da Dandanci lamiri ɗaya suke da shi ga jinsin biyu, don haka ɗansu yakan yi tuntuɓe a nan. Shi kuwa wanda ya biyo ta Faransanci, lamirin mallaka a wurinsa yana bin jinsin abin da aka mallaka ne, sai ya rubuta "her mother" alhali uwar namiji yake nufi. Bahaushe nasa tarkon daban ne: kalmar "ji" ta game sauraro da sansana da fahimta, sai ya sa "hear" a wajen ƙanshin miya. Kowane tsuntsu dai kukan gidansu yake yi.

A idon ma'aunin, waɗannan duk abu ɗaya ne, wato rabin maki. A wurin mai koyarwa kuwa cututtuka uku ne, kowace da maganinta. Malamin da ya ja layi ya wuce ya bar jaki yana dukan taiki. Haka kuma, maki 30 daga cikin 50 suna kan harshe ne, har yaron da ya kawo bayani mai ma'ana a kan noman shinkafa a fadamar Kwara yana iya komawa bayan wanda ya haddace jimloli marasa ɗanɗano. Daga nan ɗalibai kan gane cewa faɗin kaɗan ya fi tsira, su daina ƙoƙarin bayyana tunaninsu.

Abin da ya kamata shi ne malamin aji ya duba insha'i sau biyu. A karon farko ya ajiye jan biro, ya karanta don ya ga abin da yaron yake son faɗi da yadda ya jera shi. A karo na biyu ya kasa kurakuran gida-gida bisa asalinsu, ya zaɓi iri ɗaya ko biyu ya yi darasi a kansu, sa'an nan ya sa a sake rubutawa. Wannan yana bukatar malami ya san harshen gidan kowane ɗalibinsa. Amma ma'aunin hukuma sai a ajiye shi don gwajin ƙarshen zango, lokacin da ake shirya yara su fuskanci jarrabawar kanta.