Ƙadangare a Jikin Randa: Nazarin Alamci a Tukwanen Ladi Kwali

Alamci, wato ɗora wa abin da ido ke gani wata ma'ana da ba a furta ba, yana cikin abubuwan da masu sharhin ayyukan fasaha suka fi yi wa gaggawa, kuma gaggawar tana ƙaruwa idan mai aikin mace ce. Da zarar an san hannun mace ne ya yi zane ko ya gina tukunya, sai mai sharhi ya ture aikin gefe ya shiga laluben aure da haihuwa da ɓacin rai, kamar mace ba ta da abin faɗa sai labarin jikinta da na ɗakinta. Georgia O'Keeffe, mai zane 'yar Amurka, ta shafe shekaru tana musanta fassarar da aka yi wa manyan furannin da ta fara zanawa a shekarun 1920, cewa wai siffar jikin mace take nufi, amma musun nata bai hana a ci gaba da maimaita zancen ba. Haka kuma da wuya a tattauna zanen Artemisia Gentileschi ta Italiya, na Judith tana yanka Holofernes, ba a mayar da shi ramuwar gayya kan fyaɗen da ya kai ta gaban kotu a 1612 ba. Tukwanen Ladi Kwali sun gamu da irin wannan rashin adalci, ko da yake ta wata fuska dabam.

An haifi Ladi wajajen 1925 a garin Kwali, cikin ƙasar Gbagyi waɗanda Hausawa ke kira Gwari, inda ginin tukwane sana'ar mata ce, kuma a hannun wata 'yar'uwar iyayenta ta koyi gini tun tana yarinya. Sarkin Abuja na wancan zamani, Alhaji Sulaimanu Barau, wanda daga sunansa aka samo Suleja, sunan garin a yanzu, ya tara randunanta a fadarsa, kuma a nan Baturen maginin nan Michael Cardew ya gan su a 1950. Cardew ya kafa cibiyar koyar da ginin tukwane a garin Abuja, Ladi ta shiga a 1954 a matsayin mace ta farko, aka baje kolin ayyukanta a Landan a 1958 da 1959 da 1962, Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta ba ta digirin girmamawa a 1977, ta rasu a Minna a 1984. Hotonta ne a bayan takardar naira 20.

Masu cewa aikinta sana'a ce kawai, bai kai a kira shi fasaha ba, ba su cancanci doguwar amsa ba, domin iyakar da suka shata tsakanin sana'a da fasaha ita ce dai ta fitar da kusan duk abin da mata ke yi daga cikin lissafi. Masu cewa Cardew ne ya yi ta kuwa, tarihin da ke sama ya ishe su: sarki ya riga ya zaɓi tukwanenta daga cikin na dubban magina kafin Bature ya san da ita. Waɗanda suka fi buƙatar a tsaya a kansu su ne masoyanta da ke ɗaukar dabbobin da take zanawa tamkar kalmomin ƙamus, suna cewa kada mulki ne, kifi haihuwa, hawainiya sauyin zamani, kunama kariya daga sharri. Kowace al'umma da ke zaune da waɗannan halittu tana da abin da take faɗa a kansu, amma ma'anar da aka ciro daga wani wuri aka liƙa wa tukunya ta mai liƙawar ce. Bahaushe da ya ga ƙadangare a jikin randar Ladi, abin da zai fara faɗo masa shi ne ƙadangaren bakin tulu, a kar ka a kar tulu, a bar ka ka ɓata ruwa, kuma zai ji daɗin dacewar, alhali maginiyar Bagwariya ce kuma ba karin maganar Hausa take zanawa ba. Babban aibin wannan karatu shi ne yana iya gudana ba tare da an dubi tukunyar ba, domin jerin sunayen dabbobin kaɗai ya wadatar da shi.

Karatun da ya fi dacewa yana farawa ne daga yadda ake gina randar. A salon Gbagyi tukunya ce ke tsaye wuri ɗaya, maginiya kuma ita ke kewaya ta, tana jan yumɓu sama da hannuwanta, tana ɗora wasu murɗaɗɗun curi a kan bango tana shafe su har su zama jiki ɗaya, sannan ta buɗa cikin ta tattaro kafaɗa ta fitar da wuya da baki. Daidaiton da ake gani a randunan Ladi, wanda mai kallo kan ɗauka na'ura ce ta samar da shi, ya fito ne daga daidaiton takun ƙafarta da nauyin hannunta. Wannan yana da tasiri kai tsaye a kan zanen, saboda wadda ta san tukunya ta hanyar kewaya ta ba za ta yi mata gaba da baya ba. Shi ya sa Ladi take raba jikin randa gida-gida, ta ja layuka a kwance a wuya da kafaɗa domin su zama iyaka, ta sauko da wasu a tsaye, ta sa dabba a wannan gida, ta cika na kusa da shi da zane mai kusurwa, ta sake sa wata dabbar a na gaba. Babu inda mutum zai tsaya ya ga zanen duka a lokaci ɗaya. Dole ne shi ma ya kewaya, ya maimaita da ƙafarsa tafiyar da maginiyar ta yi. Hoton da ake bugawa a littafi, wanda ke nuna dabba ɗaya tilo a fuska ɗaya, shi ne ya haifi karatun ƙamus, domin ya raba dabbar da maƙwabtanta.

Zanen kansa ana yin sa ne a wani ɗan taƙin lokaci, sa'ad da yumɓu ya sha iska ya daina manne wa hannu amma bai bushe ba. Idan aka yi sauri layin zai cushe, idan aka makara bakinsa zai ɓarɓashe, kuma abin da tsini ya tsaga ba ya gyaruwa ba tare da tabo ba. Saboda haka layin Ladi layi ne na wadda ta riga ta yanke shawara kafin ta ɗora hannu, yana tafiya a miƙe ba ɗar-ɗar, kuma yana lanƙwasa daidai inda cikin randa ya lanƙwasa. Ƙadangare da kada takan zana su kamar an hango su daga sama, ƙafafu huɗu a baje, wutsiya a miƙe ko a karkace gwargwadon faɗin gidan da aka ba ta, yayin da kifi da tsuntsu sukan zo ta gefe. Ba ta neman kamannin dabbar yadda take a daji. Tana neman siffar da za ta zauna daram a kan abu mai kumburi, ta cika gidanta ba ta bar kango ba kuma ba ta yi cunkoso ba. Jikin dabbar takan cika shi da ƙananan layuka masu giciye, irin waɗanda ke cikin gidajen da babu dabba, ga kuma sawun murɗaɗɗiyar igiya ko ɗan itace mai tsaga-tsaga da ake mirginawa a kan ɗanyen yumɓu. Sakamakon haka shi ne dabba da ado sun zama abu ɗaya: ɓawon kada yana iya zama saƙar tabarma, saƙar kuma tana iya zama ɓawo, kuma ido yana kai-komo tsakaninsu. A nan gwanintarta ta fi bayyana, kuma nan ne masu sharhi suka fi tsallakewa.

Idan har za a nemi ma'ana a zaɓin dabbobin, to, amfanin randar ne ya kamata ya yi jagora. Randa wurin ajiyar ruwa ce, kuma jikinta yana tsatsafo da laima, wanda shi ke sanyaya ruwan. Duk wanda ya zauna a gidan da ake shan ruwan randa ya san gindinta matattarar masu neman sanyi ce, kunama da ƙadangare, wani lokaci har maciji, shi ya sa ake hana yaro cusa hannu ƙarƙashinta da dare. Kada da kifi kuma na rafin da aka ɗebo ruwan ne. Kenan mafi yawan halittun da Ladi ta zana maƙwabtan ruwa ne, daga inda ake ɗebo shi zuwa inda ake ajiye shi, kuma wannan tafiya ce da mace ke yi kullum. Wannan fassara ba ta buƙatar a shiga zuciyar maginiyar ko a ƙirƙira mata asiri, domin hujjarta tana jikin tukunyar da kuma wurin da ake girke ta.

Sai batun shafen ƙyalli, wato ruwan ma'adinai da ake shafa wa tukunya ya narke a wuta ya zama kamar gilashi. A ƙauye, ana gasa tukwane a fili da itace da ciyawa, a yayyafa musu makuba ta ɓawon ɗorawa tun suna da zafi. A cibiyar Abuja kuwa, randunan da Ladi ta gina da hannu an riƙa gasa su a tanderu mai zafin da ya haura digiri 1,200, bayan an cika tsagin zanen da farar ƙasa an rufe da ƙyalli mai duhu. Masu kishin gargajiya suna cewa an kashe randar, kuma suna da gaskiya a abu ɗaya: ta yi nauyi, ta daina tsatsafo, ba ta ƙara sanyaya ruwa ba, kuma kuɗinta ya fi ƙarfin matar da aka saba gina wa. Amma sun manta da abin da hakan ya yi wa zanen. A randar ƙauye zane yana ɓoye cikin launin yumɓu, sai an matso ake ganin sa. A randar Abuja farin layi ya fito fili ƙarƙashin ƙyalli, har ya zama shi ido ke fara kamawa. Randar da ba za a ƙara zuba wa ruwa ba ta koma tana ɗauke da halittun ruwa a sarari fiye da dā, kuma a nan ne dabbobin suka zama alamu na haƙiƙa, tun da suna nuni ga aikin da tukunyar ta rabu da shi. Ladi ta koyi gini a kan faifan juyi, ta yi kwanuka da faranta da kofuna, amma ba ta daina gina randa da hannu ba, kuma da wannan siffa ta tsaya gaban jama'a a Turai da Amurka tana nuna gini. Wannan naci zaɓi ne na mai fasaha da ta san abin da take riƙe da shi.

Hanya mafi inganci ta gwada duk wannan ita ce a jera aikinta da na matan da suka biyo ta cibiyar, irin su Halima Audu da Asibi Ido da Kande Ushafa da Lami Toto. Kayan adon da suka gada kusan ɗaya ne, don haka karatun ƙamus zai ce duk magana ɗaya suke yi, alhali wanda ya san tukwane yana bambanta hannun kowacce ta tudun kafaɗa da faɗin baki da zurfin tsagi da yawan filin da aka bari babu zane. Muryar mace a wannan fasaha tana cikin waɗannan zaɓuɓɓuka ne. Magdalene Odundo, wadda aka haifa a Nairobi a 1950, ta je Abuja a 1974 ta koyi ginin hannu a wurin Ladi da abokan aikinta, kuma tukwanen da suka ɗaukaka sunanta a duniya gogaggu ne sumul, ja ko baƙi, babu shafen ƙyalli, babu kada babu kunama. Abin da ta ɗauko daga Abuja shi ne yadda ake tayar da bango da hannu, da yadda ciki ke haɗuwa da wuya, kuma masu nazarin aikinta ba sa shakkar cewa daga wannan makaranta ya samo tushe.