Ƙofar Zamani da Aljihun Furodusa

A shekarar 1982 aka saki fina-finai biyu a Amurka waɗanda suka buɗe wa jarumai masu takobi da tsafi kasuwa: Conan the Barbarian na Arnold Schwarzenegger, da The Beastmaster wanda Don Coscarelli ya ba da umarni. Ba a yi shekara goma ba sai da ƙananan kamfanoni suka cika shagunan hayar kaset ɗin bidiyo da jikokinsu: ƙato mai buɗaɗɗen ƙirji, warki a ƙugu, takobi a kafaɗa, ga wani mugun boka da ya kashe masa iyaye ko mata. A cikin wannan zuri'a akwai reshen da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya, wato wanda ake ɗauko jarumin daga zamaninsa, a ratsa da shi ta wata ƙofar sihiri, a dire shi a tsakiyar birnin yau. Kuma kusan ko yaushe birnin nan Los Angeles ne.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Wanda zai nuna tsohuwar duniya sai ya gina fada da ganuwa, ya yi hayar dawaki, ya ɗinka wa ɗaruruwan mutane sutura, ya ƙera musu sulke. Wanda kuwa ya jefo jaruminsa Los Angeles, lungun bayan ofishinsa ma ya ishe shi, ga motoci ga 'yan sanda ga shaguna, duk a shirye. Minti ashirin na farko a jeji, sauran a kan kwalta. A yawancin waɗannan fina-finan, mai riƙe da jakar kuɗi ne ya buɗe ƙofar zamanin, ba marubuci ba. Haka aka yi da Masters of the Universe na 1987, inda kamfanin Cannon, wanda bashi ya riga ya shaƙe, ya baro duniyar Eternia da yara suka biya kuɗi don su gani, ya kawo Dolph Lundgren wani ƙaramin gari a Amurka. An kashe dala miliyan 22, aka samu kusan 17. Haka kuma Time Barbarians, wanda aka ba Deron McBee na shirin American Gladiators jagorancinsa saboda damatsansa kawai.

Wanda ya fi cancantar a tsaya a kansa shi ne Beastmaster 2: Through the Portal of Time na 1991, don shi yana da abin da zai yi asara. Fim ɗin farko bai yi wani abin kirki a sinima ba, amma tashoshin talabijin na Amurka sun yi ta maimaita shi har ya shiga ran mutane. Abin da ya sa ya shiga ran nasu shi ne Dar, wanda Marc Singer ya fito a matsayinsa: mutum ne da ke jin maganar dabbobi, yana gani da idon gaggafarsa, yana tafe da damisa da wasu ƙananan dabbobi biyu masu kama da tunku. A kashi na biyu, wanda Sylvio Tabet ya ja ragamarsa ba Coscarelli ba, mugun ɗan'uwan Dar mai suna Arklon ya ratsa ƙofar sihiri don ya sato wani makamin ƙare dangi, Dar ya biyo sawunsa, wata 'yar sanata mai motar alfarma ta zame masa jagora.

To, a nan ne takaicin yake. An sami mutumin da dabba ƙanwarsa ce, an kawo shi birnin da aka shafe ƙasa da siminti, inda naman daji ke bayan ƙarfe ana biyan kuɗi a kalle shi. Wane irin baƙin ciki ne zai kama shi? Me zai ce wa mutanen da suka yi haka? Labarin ke nan gaba ɗaya, yana kwance a gaban masu fim ɗin, amma suka tsallake shi. Gidan namun dajin da aka kai shi a ƙarshe fagen dambe kawai ya zama. Sauran lokacin ya tafi a barkwancin jarumi yana koyon zagin 'yan birni, ko yana zaro ido ga mota. Har akwai wurin da suka wuce wata sinima da aka rubuta sunan fim ɗin kansa a allonta, alamar cewa masu shirin ma ba su ɗauki labarinsu da gaske ba. Ina ganin wannan ne babban laifin: idan mai ba da labari ya riga mai sauraro yi wa labarinsa dariya, babu sauran abin da zai hana mai sauraron tashi. An ce an kashe dala miliyan 6, abin da ya dawo daga sinima bai kai miliyan ɗaya ba.

Masu kare irin waɗannan fina-finai sukan ce a yi musu uzuri, talauci ne. Ban yarda ba. The Terminator na James Cameron, a 1984, kuɗinsa dala miliyan 6.4 ne, kusan daidai da na Beastmaster 2, kuma shi ma mayaƙi ne daga wani zamani, 2029, aka jefo shi titunan Los Angeles. Amma dubi yadda aka riƙe wannan mayaƙin, Kyle Reese. Ya iso tsirara, ya ƙwaci wando a jikin wani mai kwana a titi. Ya ga injin gini yana aiki da dare, sai ƙarar ta mayar da shi fagen yaƙin da ya baro. 'Yan sanda sun tsare shi, likitan ƙwaƙwalwa yana yi masa kallon mahaukaci alhali gaskiya yake faɗa. Sama da duka, ya san babu hanyar komawa gida. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ya ci kuɗi mai yawa. Tunani suka ci.

Hausawa na cewa baƙo makaho ne ko da idonsa, kuma baƙon zamani ya fi baƙon gari makanta, don shi ba shi da motar da za ta mayar da shi. Mai karatun da ya san ƙissar Ashabul Kahfi ya san nauyin wannan al'amari tun yana yaro: an aiki mutum kasuwa da azurfarsa ya sayo abinci, ashe shekaru 309 sun shuɗe. Ban kawo wannan don in haɗa ƙissa mai tsarki da fim ba, sai don in nuna cewa tashi a zamanin da ba naka ba babban lamari ne da ɗan'adam ya daɗe yana jin girmansa, kuma kuɗi guda a tafin hannu ya isa ya bayyana shi.

Ko masu barkwanci, idan sun iya, a wannan jijiya suke taɓawa. A Les Visiteurs na Faransa, 1993, bardan da Jean Reno ya fito a matsayinsa ya taso daga shekarar 1123, ya tarar an mayar da fadarsa otal, kuma mai otal ɗin jikan baransa ne. Dariya ce, amma a ƙarƙashinta akwai juyin juya halin Faransa da rushewar sarauta, shi ya sa mutum fiye da miliyan 13 suka shiga kallonsa a ƙasar. A Hong Kong kuma, The Iceman Cometh na 1989 ya ɗauko dogarin daular Ming, Yuen Biao, wanda ƙanƙara ta daskarar, ya farka ya faɗa hannun wata mace mai zaman kanta, Maggie Cheung, ta mayar da shi ɗan aikin gida kuma mai gadinta ba tare da ya san sana'arta ba. Ranar da ya gane, abin da ya karye masa shi ne mutuncin da ya taho da shi daga ƙarninsa, kuma wannan karayar ce ta ba faɗan ƙarshe ma'ana.

Wannan labarin ne aka sake yi a 2014 da sunan Iceman, da Donnie Yen da kuɗi masu yawan gaske da fasahar kwamfuta. An ƙara tsalle da fashe-fashe, an rage kunyar dogarin da kaɗaicinsa. Kashi na biyu, Iceman: The Time Traveler, ya sha jinkiri har 2018, ya fito a daddatse ba kai ba gindi, ya faɗi a kasuwar China, sannan jarumin da masu shirin suka koma nuna wa juna yatsa a bainar jama'a kan wanda ya ɓata shi.