Jinjina ga Masu Ɗaura Eriya

Da rana tsaka, kwanon rufi ya ɗau zafi, za ka hango mai ɗaura eriya a saman ɗaki yana kafa doguwar gora. Layin ƙusa yake takawa don kada kwano ya lotsa. Ya fere bakin waya, ya ɗaure ta tam, ya zuro ta zuwa bayan talabijin. Sai ya riƙa juya eriyar sannu a hankali wajen da tashar take, har yaran gida su kwarma ihu: "Malam, tsaya nan, ya fito!"

Albarkacin wannan haƙuri talakan Kano ke kallon labarai da tafsirin azumi a NTA da ARTV ba tare da biyan kuɗin wata ba. Allah Ya tsare ku, Ya sanya albarka a sana'arku.