Rumbu da Bagade: Nazari Kan Littattafai Biyu na Fada Jean-Marc Ela

Cikin firistocin Afirka da suka yi rubutu game da bangaskiya da adalci, kaɗan ne suka kai Fada Jean-Marc Ela na ƙasar Kamaru tayar da ƙura. An haife shi a Ebolowa, kudancin ƙasar, a shekara ta 1936, ya yi karatu mai zurfi a Faransa. Amma da ya komo gida sai ya bar birni, ya nufi Tokombere, a gindin duwatsun Mandara, arewa da Marwa. Can ya iske Fada Simon Mpeke, wanda mutane ke kira Baba Simon, dattijon da ya zauna da mutanen duwatsu tun 1959, yana yawo ƙafa ba takalmi kamar su. Ela ya yi fiye da shekara goma a wurin, kuma daga wannan zama ne littattafansa biyu da suka fi shahara suka fito: Le Cri de l'homme africain (Kukan Mutumin Afirka) a 1980, da Ma foi d'Africain (Bangaskiyata ta Ɗan Afirka) a 1985.

Abin da Ela yake faɗi ba shi da wuyar ganewa. A ganinsa, wurin da ya kamata a fara tunani game da Allah shi ne ƙarƙashin itace, inda manoma ke taruwa su tattauna abin da ya dame su. Abin da ya fi damun manoman arewacin Kamaru kuwa shi ne rumbu. An tura su noman auduga domin sayarwa waje, gonar gero da dawa ta ragu, haraji yana jira, kafin damina ta yi nisa rumbu ya zama fayau. Sai ya yi tambaya: wace bishara ce Ikkilisiya take kai wa mutumin da ya yi noma shekara guda amma 'ya'yansa suna kwana da yunwa? Ya komo ga Littafin Fitowa, ya nuna cewa Allahn da ya ji kukan bayi a Masar bai ce musu su yi haƙuri sai lahira ba, Musa ya aika wurin Fir'auna.

A nan ƙarfin littattafan yake. Masu tauhidin 'yantarwa na Kudancin Amurka, irin su Gustavo Gutierrez wanda littafinsa ya fito a 1971, sun riga shi yin irin wannan magana, amma Ela bai kwafe su ba. Yunwar da ya rubuta a kai ta ƙauyen da yake zaune ce. Haka kuma bai raga wa 'yan'uwansa ba. A lokacin ana ta murna da shigar da ganga da rawa da tufafin gargajiya cikin sujada. Ela bai ƙi wannan ba, sai dai ya gargaɗe su cewa ana iya kaɗa ganga a bagade alhali azzalumi yana zaune a kujerar gaba ba wanda ya ce masa uffan.

Maganar da ta fi jawo gardama ita ce ta Jibin Ubangiji. Ela ya lura cewa alkama da ruwan inabin da ake miƙawa a bagade daga waje ake kawo su, manomin gero ba ya ganin gumin goshinsa a cikinsu. Ya tambaya ko wannan alamar ceto ce ko alamar dogaro ga Turai. Tambayar tana da nauyi, amma amsar da take nufa ba ta tsaya da ƙafafunta ba. Gurasa da ruwan inabi su ne abin da Yesu ya ɗauka a daren da aka bashe shi, su ne kuma ke haɗa mai bi na Marwa da na Maraɗi da na Roma kan teburi ɗaya. Dokar Ikkilisiyar Katolika ta 1983 ta tsaya kan gurasar alkama da ruwan inabi. Ban da haka, Kiristan da ke zaune tsakiyar maƙwabta Musulmi ya san abin da za a ce ranar da aka ga burkutu a bagade. Duk da haka, wanda ya ƙi shawarar Ela bai tsira daga tambayarsa ba: yaya jama'a za su ci daga gurasa ɗaya ranar Lahadi, sa'an nan ranar Litinin wani ya saye hatsin ɗan'uwansa da arha a kaka, ya sayar masa ninki biyu da bazara?

Akwai wani rauni da ya fi wannan girma. Tauhidin da aka haifa ƙarƙashin itace, da Faransanci aka rubuta shi, a Paris aka buga shi, aka juya shi zuwa Turanci a 1986 da 1988. Ɗalibai a jami'o'in Turai da Amurka sun karanta kukan manomin Mandara, shi kuwa manomin ba zai iya karanta layi ɗaya ba. Jimlolin ma sau da yawa na masanin zamantakewa ne, masu nauyi, sai mai dogon karatu. Wannan ba laifin Ela kaɗai ba ne, gama kasuwar littafi haka take. Amma ya bar wa malaman majami'a da masu wa'azi aiki: su ne za su mai da wannan magana zuwa Hausa da Fulatanci da harsunan duwatsu, inda ta fito.

Ba za a ce Ela ya yi magana daga inuwa ba. A watan Afrilu na 1995 aka kashe Fada Engelbert Mveng, masanin tarihi, a gidansa kusa da Yawunde. Ela ya buɗe baki ya nemi a bayyana gaskiya, barazana ta biyo baya, dole ya bar ƙasar a wannan shekara. A watan Satumba na shekarar ne Paparoma Yohanna Bulus na Biyu ya zo Yawunde ya sa hannu kan takardar Ecclesia in Africa, wadda ta kira Ikkilisiya iyalin Allah, ta kuma ce aikin adalci da salama yana cikin aikin bishara. Ela ya rasu a Kanada a 2008.

To, me mai karatu zai yi da littattafan nan? Kada ya ɗauke su kamar ba su da kuskure, kada kuma ya yar da su don wani babi ya ɓata masa rai. Ba a ƙin tuwo don ƙanzo. Majalisar kowace majami'a tana iya gwada kanta da ma'aunin Ela ba tare da ta san Faransanci ba: ta duba littafin kuɗinta, ta ga nawa aka kashe kan bikin girbi da ginin hasumiya, nawa kuma aka ajiye don rumbun tsimi da gwauraye za su ci bashin hatsi ba ruwa. Babi na 25 na Matiyu ya riga ya nuna irin tambayar da za a yi a ranar ƙarshe, kuma da mayunwaci aka fara lissafin.