Zaɓar wa Matashin Ɗan Wasa Gurbi: Nazari Daga Langa Zuwa Ƙwallon Ƙafa a Ƙasar Bakura

Gurbi a wasan ƙungiya shi ne wurin da ake tsayar da ɗan wasa a fili tare da aikin da ake sa ran zai yi a wurin, kuma zaɓar wa yaro mai tasowa gurbinsa hukunci ne da yakan bi shi har ƙarshen rayuwarsa ta wasa, duk da cewa sau da yawa ana yanke shi cikin gaggawa. A ƙananan hukumomin Bakura da Talata Mafara da Maradun na Jihar Zamfara, inda filayen makarantun firamare ke cika da samari bayan sallar la'asar, wannan hukunci yana hannun masu horar da ƙungiyoyin unguwa, waɗanda mafi yawansu tsofaffin 'yan wasa ne masu aikin sa kai.

Raba aiki tsakanin 'yan wasa ba baƙon abu ba ne ga Bahaushe, domin wasan langa ya ginu a kansa tun kafin zuwan ƙwallon ƙafa. A langa kowane ɗan wasa yakan riƙe ƙafarsa ɗaya ta baya da hannu, ya riƙa tsalle da ɗayar, kuma wanda ya saki ƙafar ko ya faɗi ya fita daga zagayen. Kowane ɓangare yana da ruwa, wato wanda ake so ya kai wurin sha ba tare da an kayar da shi ba, da kuma dawakai, wato waɗanda ke kare shi suna ture abokan hamayya. Ana ɗora ruwa a kan mai sauri da iya zulliya, dawakai kuwa sai masu ƙarfin ƙafa da faɗin ƙirji. Abin lura shi ne zaɓin yana biyo bayan gwaji, domin yaran sun daɗe suna ganin juna a dandali, kuma ba ya zama dindindin, tunda wanda ya yi doki yau yana iya zama ruwa gobe.

A ƙwallon unguwa kuwa, ana kiran gurabe da lambobi: lamba biyu da uku su ne masu tsaron baya ta gefe, biyar da shida masu tsaron baya ta tsakiya, huɗu mai tare hari a tsakiyar fili, goma mai rarraba ƙwallo, tara kuma mai cin ƙwallo. Idan sabon yaro ya zo atisaye, mai horarwa yakan dube shi daga sama zuwa ƙasa, in dogo ne kakkaura ya tura shi lamba biyar, in bahago ne ya ba shi uku ko sha ɗaya, wato mai kai hari ta gefen hagu, in kuwa ƙarami ne ko mai nauyin gudu a sa shi gola, wato tsaron raga, gurbin da yara ke gudu. Wani lokaci girman shekaru ko kasancewa mai ƙwallon shi ke ba yaro lamba tara. Illar wannan hanya ita ce tana auna jikin da bai gama girma ba, alhali yaron da ya fi tsaransa tsawo yana ɗan shekara 13 yana iya komawa matsakaici a shekara 18, a lokacin da ya riga ya saba da doka ƙwallo gaba kawai, bai koyi tsayar da ita ko miƙa ta cikin matsi ba.

Wasan besbol na Amurka, wanda ake jefa ƙwallo a doke ta da sanda yayin da mutum tara ke tsaron fili, ya samar da ma'auni mai amfani a nan. Manazarcin wasan, Bill James, ya jera guraben tsaro daga mafi wuya, kamar tsaron tsakanin tasha ta biyu da ta uku, zuwa mafi sauƙi, wato tasha ta farko, ya kuma nuna cewa 'yan wasa kan gangaro daga mai wuya zuwa mai sauƙi yayin da shekaru ke tafiya, da wuya a ga akasin haka. Masu buga wasannin kwamfuta na sarrafa ƙungiya, irin su Out of the Park Baseball, sukan bi wannan ƙa'ida: suna duba saurin matashi da ƙarfin jifarsa da yawan kuskurensa, sannan su bar shi a gurbi mafi wuya da zai iya riƙewa, domin sauke shi daga baya abu ne mai sauƙi. Idan aka ɗauko ma'aunin zuwa ƙwallon ƙafa, tsakiyar fili ce makarantar da ta fi dacewa da yaro, saboda a nan ake matsa masa ta kowace fuska.

Tarihin 'yan wasan Najeriya ya tabbatar da cewa gurbin farko ba lallai ba ne ya zama na ƙarshe. Shehu Abdullahi, haifaffen Sakkwato wanda ya buga wa Kano Pillars, yana iya riƙe tsakiyar fili da kuma lamba biyu, kuma a lamba biyun ya taka leda a gasar Olamfik ta 2016 da Najeriya ta samu tagulla. John Mikel Obi ya haskaka a matsayin mai rarraba ƙwallo a gasar duniya ta 'yan ƙasa da shekara 20 a 2005, amma da ya koma Chelsea a 2006 sai José Mourinho ya mayar da shi mai tare hari, kuma a wannan gurbi ya ɗauki kofin zakarun Turai a 2012. Haka nan a Chelsea ɗin Antonio Conte ya ja Victor Moses baya a 2016, ya ɗora masa tsaro da kai hari ta gefen dama, kuma Chelsea ta lashe gasar Firimiya a kakar. Dukkansu sun jure sauyin ne saboda sun mallaki tushen sarrafa ƙwallo kafin a sauya musu aiki.

Hausawa na cewa kowa da kiwon da ya karɓe shi, sai dai ba a gane kiwon da ya karɓi mutum sai ya gwada fiye da ɗaya. Saboda haka ya kamata masu horarwa da malaman motsa jiki a Bakura da Talata Mafara da Maradun su riƙa zagaya da yaro gurabe daban-daban, har da tsaron raga, su jinkirta tsayar masa da lamba har jikinsa ya daidaita, sannan su yanke hukunci bisa abin da suka gani yana yi da ƙwallo, kamar yadda magabata suka yi wajen zaɓar ruwa da dawakai.