Gasar Ƴan Gata: Sharhi Kan African Football League

A watan Agustan 2022, a babban taron hukumar ƙwallon ƙafa ta Afirka, CAF, da aka yi a Arusha ta ƙasar Tanzaniya, shugaban hukumar Patrice Motsepe ya ƙaddamar da wata sabuwar gasa da aka ce za ta zama uwar gasannin ƙungiyoyin nahiyar. Alkawarin ba ƙarami ba ne: ƙungiyoyi 24 daga ƙasashe 16, kuɗin kyauta dala miliyan 100, zakara kuma ya tafi da sama da dala miliyan 11. Shugaban FIFA Gianni Infantino ne ya fara furta wannan tunani a Lubumbashi a 2019, lokacin bikin cikar TP Mazembe shekara 80. Ina da ja a kan wannan shiri, kuma zan kawo dalilaina ɗaya bayan ɗaya.

Amma kafin suka, a ba mai haƙƙi haƙƙinsa. Ciwon da aka ce za a yi wa magani na gaske ne. Ƙungiyar da ta fita wasan Afirka sau da yawa asara take tafkawa, domin kuɗin jirgi da masauki kan cinye abin da za ta samu. Yaro na fara haskakawa sai ya tsallaka Turai ko ƙasashen Larabawa, mu kuma mu koma gidajen kallo muna yi wa Arsenal da Real Madrid ihu. Duk wanda ya ce zai kawo kuɗin da zai riƙe ƴan wasanmu a gida, ya cancanci a saurare shi.

To me aka gani a ƙasa? An sauya wa gasar suna daga Africa Super League zuwa African Football League, aka buga ta daga 20 ga Oktoba zuwa 12 ga Nuwamban 2023. Maimakon 24, ƙungiyoyi 8 ne suka shiga: Al Ahly ta Masar, Espérance ta Tunisiya, Wydad ta Maroko, TP Mazembe ta Kwango, Simba ta Tanzaniya, Petro de Luanda ta Angola, Mamelodi Sundowns ta Afirka ta Kudu, sai Enyimba ta Najeriya. Sundowns ta doke Wydad 3 da 2 a jimillar wasa biyu, ta karɓi dala miliyan 4. Shekarar 2024 ta zo ta wuce ba a sake bugawa ba.

Jana na farko a kan kuɗin ne. Gasa irin wannan da kuɗin talabijin da na masu talla take rayuwa, kuma sai an daɗe ana kallonta kafin kamfanoni su zuba dukiya. CAF kuwa a 2019 ta soke yarjejeniyar dala biliyan 1 da ke tsakaninta da kamfanin Lagardère na Faransa, wanda ke sayar mata da haƙƙin nuna wasanninta. Hukumar da ke cikin wannan hali ce ta yi shelar dala miliyan 100 tun kuɗin bai shigo hannu ba. Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya. Raguwar gasar daga 24 zuwa 8 ita ce shaidar cewa an yi shela kafin a yi lissafi.

Na biyu, wa aka gayyata? Ba a buga wasan share fage ba, an zaɓi ƙungiyoyin ne bisa jadawalin matsayi na CAF. Wannan jadawali kuwa mai ƙarfi yake ƙara wa ƙarfi. Duk faɗin Afirka ta Yamma kujera ɗaya ta samu. Yankin da ya fitar da Hafia ta Gini mai kofin zakarun Afirka uku, da Asante Kotoko da Hearts of Oak na Gana, da ASEC Mimosas ta Kwaddibuwa, shi ne aka bari a ƙofa. Daɗin ƙwallo shi ne ƙarami ya iya ba babba mamaki. Coton Sport ta Garwa ta kai wasan ƙarshe na kofin zakarun Afirka a 2008. Kano Pillars ta kai zagayen kusa da na ƙarshe a 2009. AS FAN ta Yamai ta shiga rukunin kofin Confederation a 2010, Jandarmomin Nijar ma suka shiga a kakar 2021 zuwa 2022. Babu ɗaya daga cikinsu da aka aika wa goron gayyata, da ƙafarsu suka kai kansu.

Na uku, illar da za ta sauka a kan gasannin cikin gida. Enyimba ta sha kashi a hannun Wydad gida da waje, ba ta jefa ƙwallo ko ɗaya ba, amma rabon wanda aka fitar a wannan zagaye dala miliyan 1 ne. A shekarar kuwa, kyautar lashe gasar Najeriya gaba ɗayanta naira miliyan 100 ce, wadda ba ta kai ko rabin wancan ba. Idan ƙungiya ɗaya a ƙasa tana karɓar irin wannan kuɗi kowace shekara, za ta saye duk wani ɗan wasa mai kyau, sauran su zama ƴan rakiya. Kofin zakarun Afirka ma darajarsa za ta zube, tunda dala miliyan 4 da ake samu a 2023 bayan wahalar kaka guda, ga shi an samu da wasa shida cikin mako uku da ƴan kwanaki.

Na huɗu, filayen wasa. Enyimba ba ta karɓi Wydad a garinta na Aba ba, sai da aka kai wasan Uyo. Mena ta Nijar ta sha karɓar baƙinta a Maroko saboda filin Janar Seyni Kunce bai cika sharuɗɗan CAF ba. Magoyin bayan da ba zai ga ƙungiyarsa a garinsu ba, yaya za a yi ya ɗauki gasar tasa?

Akwai kuma abin da ke ɗaure mini kai. A Afrilun 2021 ƙungiyoyi 12 na Ingila da Sifaniya da Italiya suka yi shelar tasu Super League. Magoya baya suka fito kan titi, Infantino da kansa ya fito ya yi tir da ita, cikin kwana biyu shirin ya wargaje. Tsarin biyu ba ɗaya ba ne, domin ta Turai tawaye ce ga hukuma, tamu kuwa hukuma ce ta haife ta. Amma ruhinsu ɗaya ne: a ware manya a ba su nasu kaskon. A can an ji muryar ƴan kallo, a nan ba a ma tambaye su ba. Sannan ga shi ƙungiyar da ta ɗauki kofin, Sundowns, ta iyalan shugaban CAF ce. Ba na zargin maguɗi, a fili ta ci wasanninta. Amma hukuma mai kishin mutuncinta takan guji duk abin da zai jawo a yi mata kallon tuhuma.

Shawarata ita ce, duk kuɗin da aka samo a zuba shi cikin kofin zakarun Afirka da na Confederation, waɗanda kowa ke shiga da guminsa. A ɗauke wa ƙananan ƙungiyoyi nauyin jirgi tun daga zagayen farko. A gyara filaye, a tilasta wa ƙungiyoyi biyan albashin ƴan wasa a kan lokaci. Idan kuma lalle sai an dawo da sabuwar gasar, a buɗe ƙofarta yadda zakaran Nijar ko na Cadi zai san cewa idan ya ci wasanninsa zai shiga. Yaron da ke buga ƙwallo a Damagaram ko Maraɗi yana da haƙƙin ya san akwai hanyar da za ta kai shi can, ko da mai nisa ce.